Akun Ƙarfe a Ɗakunan Ekudu: Tsokaci Kan Akwatin Gem Mai Wasa Dubu

Na san wasu za su ga kan wannan rubutu su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mai sharhin adabi da gem? Amsata ba ta da tsawo. Duk abin da zai zaunar da yaro awa uku bai motsa ba, ya nuna masa wane ne jarumi wane ne mugu, ya zana masa taswirar duniya ya ce ga inda mutane suke, to wannan abu ya shigo gonarmu, ko a takarda ya zo ko ta wayar lantarki. Mun shekara da shekaru muna ka-ce-na-ce a kan littattafan soyayya na Kano da finafinan Indiya, ashe wani mai ba da labarin ya zagaya ta bayan gida ya shige ɗaki, ba wanda ya tambaye shi daga ina.

Abin da nake magana a kai shi ne dogon akwatin nan mai sanduna biyu da maɓallai shida-shida, wanda ake ƙerawa a ƙasar Sin, ake sayar da shi da sunan Pandora's Box. Waya biyu kawai yake buƙata: ɗaya ta adafta mai bolt 12 zuwa soket, ɗaya ta HDMI zuwa bayan filasma. Kana kunnawa sai jerin sunayen wasanni ya zubo. Samfuri na huɗu ya zo da 645, na biyar da 960, na shida da 1300, wanda ake kira DX ya ce yana da 3000. Jabun da suka biyo baya kuwa, kowanne sai ya ƙara adadi a jikin kwali gwargwadon rashin kunyar mai shi. Akasarin wasannin nan na gidan gem ne na da, waɗanda sai ka jefa sulalla kafin injin ya kula ka.

A nan Ekudu, unguwar da mutanen Yawunde suka fi sani da Briqueterie, mu kuma muke gajarta ta mu ce Birik, dalilin da zai sa uba ya sayi wannan akwati ba ɓoyayye ba ne, kuma ba na raina shi. Unguwa ce a matse, gida na jingine da gida, ba filin da yaro zai yi gudu sai lungu da bakin titi tsakanin masu tsire da teloli. Gidan gem kuwa, a idon iyaye, bai da maraba da gidan caca: ga duhu, ga hayaƙin taba, wani lokaci ga injin caca na gaske a gefe, ga al'adar nan ta wanda aka kayar shi ke biyan kuɗin wasan, wadda malamai da dama suke ganin caca ce tsagwaronta ko da kuɗin bai kai na ƙosai ba. Sannan ga magariba da ke wucewa yaro yana can yana neman ramuwa. Uban da ya ce gara in kawo abin gida in sa ido, ya yi tunani irin na masu hankali.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Wanda ya karanta littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar a 1937, ya san aikin da aku ya yi ke nan. Sarki ya tafi yaƙi, Musa yana son ya fita ya bi sahu, Waziri yana dakonsa a waje da mugun nufi, sai aku ya riƙa tsare yaron da labari bayan labari har gari ya waye. Akwatin nan aku ne na ƙarfe da roba, an saye shi don ya hana Musa fita. To wane irin aku ne, kuma me yake faɗa wa Musa?

Kafin a amsa sai an san asalin abin da aka cusa masa a ciki. Injin gidan gem na ainihi kabad ce ta katako. A cikinta akwai talabijin tsirara ba murfi, da na'urar raba wuta, da sifika, da ramin kuɗi, sai fanel guda mai faɗin faranti, wanda shi ne wasan kansa. Da can kowane kamfani da irin wayarinsa, in wasa ya gundiri mutane sai dai a kwance wayoyi duka ko a sake kabad. A 1985 ƙungiyar masu ƙera injunan wasa ta Japan, wato JAMMA, ta tsayar da ƙa'ida ɗaya: baki mai haƙora 56, 28 a kowane gefe. Ta wannan bakin wuta ke shiga, bolt 5 da bolt 12 da wani bolt 5 mai alamar ragi. Ta nan hoto ke fita a rarrabe, ja daban, kore daban, shuɗi daban, da waya ta huɗu mai daidaita tafiyarsu. Ta nan sauti ke zuwa sifika, ta nan sandunan mutum biyu da maɓalli uku-uku suke magana da fanel, har da wayar da ke sanar da shi an jefa kuɗi. Wannan ƙa'ida ce ta sa kabad ɗaya take iya shekara ashirin tana canza wasa kamar mai canza riga, ta gama yayinta a Turai, ta zo ta ƙarasa tsufanta a wani lungu na Duwala ko Yawunde. Da kamfanin Capcom ya fito da Street Fighter II a 1991 da maɓalli shida, uku na naushi uku na shuri, sai bakin JAMMA ya gaza, dole aka ƙara wata 'yar igiyar wayoyi a gefe don shurin kawai. Shi ya sa in ka ga injin da ɗan wasa ke naushi ba ya shuri, ba aljanu ba ne, wannan igiyar ce ta saki.

Mai son ya kunna fanel na ainihi a ɗakinsa ba sai ya sayi kabad ba. Akwai ƙaramar na'ura da masu sha'awar abin suke kira supergun, duk da ba abin da ya haɗa ta da bindiga. Kabad ce da aka cire mata katako: bakin JAMMA, da na'urar wuta, da wurin soka sanduna, da waya zuwa talabijin. Duk mai gyaran rediyon da ya iya karanta zanen wayari zai iya haɗa ta. A nan ne mu mutanen ƙasashen da Faransa ta rena muka tsinci dami a kala. A 1980 Faransa ta wajabta wa duk talabijin da za a sayar a ƙasarta wani soket mai suna Péritel, mai ramuka 20, ƙarfen da ya kewaye su ya zama na 21. Wannan soket yana karɓar ja da kore da shuɗi a rarrabe, daidai yadda fanel yake fitar da su, a gudun layi wajen dubu 15 cikin sakan. Tsofaffin talabijin masu doro da aka yi ta shigowa da su na hannu daga Turai, da yawansu suna ɗauke da shi a baya, mutane ba su taɓa soka masa komai ba sai wayar dikoda.

Sai dai aikin yana son natsuwa. Launin da fanel ke fitarwa ya fi ƙarfin abin da talabijin ɗin gida ta saba karɓa, don haka sai an sa razista a kan kowace waya, in ba haka ba hoton ya yi fari fat. Rami na 16 na Péritel sai an ba shi tsakanin bolt 1 zuwa 3 kafin talabijin ta yarda ta saurari launukan. Sautin JAMMA an riga an ƙara masa ƙarfi don sifika, sai an rage shi kafin ya shiga talabijin. Bolt 5 ɗin nan a auna shi da mita a jikin fanel ɗin, don ɗan ƙari kaɗan yana ƙona abin da ba a ƙera irinsa kuma. A duba kada a soka bakin a juye. Wutarmu a Kamaru bolt 220 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120, wanda ya manta da ɗan makunnin da ke jikin na'urar wuta zai ji ƙauri kafin ya ga hoto. Da irin yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, sitabilaiza ba ado ba ne. Cikin talabijin mai doro kuwa, wanda ba aikinsa ba ne kada ya buɗe: tana aiki da bolt sama da dubu ashirin, kuma takan riƙe ragowar wuta bayan an zare ta daga soket.

Mai karatu zai ce me ya kai mu ga razista a cikin sharhi. Dalilin shi ne akwatin Pandora ba shi da ko ɗaya daga cikin fanel-fanel ɗin nan. Abin da ke cikinsa 'yar ƙwaƙwalwa ce irin ta wayar hannu mai araha, tana gudanar da manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin injuna. Kwaikwayon kansa ba laifi ba ne. Tun 1997 wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ya fara aikin MAME, wanda manufarsa adana waɗannan wasanni kafin fanel ɗinsu su mutu, kowane wasa da shekararsa da kamfaninsa da bayanin kayan cikinsa. Aiki ne irin na mai tattara tsofaffin rubuce-rubucen ajami yana yi musu rajista. Kuma mutuwar gaskiya ce: fanel ɗin Capcom na CPS-2, da aka fara a 1993, an sa masa batirin da in ya ƙare wasan ya kulle kansa, sai bayan shekaru masu yawa aka gano yadda za a farfaɗo da su. Masu akwatin sun ɗebi irin wannan wahala ta mutane, suka tsige mata suna da tarihi, suka zuba a buhu.

Duba abin da ke faruwa da hoton. An zana Street Fighter II da ɗigo 384 a kwance, 224 a tsaye, don fuskar talabijin mai kusan murabba'i, wadda ke narkar da ɗigon cikin juna har tsoka ta fito tsoka, inuwa ta fito inuwa. A kan filasma mai faɗi sai a ja hoton hagu da dama, Ryu ya yi ƙiba kamar ɗan kasuwar da ya daina tafiya ƙasa, ɗigon su fito ɓaro-ɓaro kamar tubali. Wannan ma da sauƙi. Wasan yana sabunta hoto kusan sau 60 a sakan, kuma akwai bugun da in ka makara da hoto biyu ko uku ya wuce ka. Talabijin mai doro tana nuna abin da aka ba ta nan take. Filasma kuwa sai ta tsaya ta gyara hoton tukuna, manhajar kwaikwayo ita ma ta ci nata rabon. Yaro ya danna a kan lokaci, a naushe shi, ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba. Kamar a ba ka waƙa an zame mata kari, sannan a ce kai ne ba ka iya rerawa ba.

Amma babban aibin akwatin a wurina na tsari ne, kuma duk wanda ya taɓa haɗa kundin gajerun labarai zai gane shi. Imam ma ai aro ya yi. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Turai da na Gabas. To amma ya zaɓa, ya jera, ya sa wa kowane labari rigar gida, kuma akunsa ba ya ba da labari sai wanda ya dace da halin da ake ciki a daren. Akun ƙarfe ba ya zaɓe. Street Fighter II kaɗai za ka same shi a jerin sau da yawa: na asali na 1991, Champion Edition da Hyper Fighting na 1992, Super na 1993, Super Turbo na 1994, da tarin na jabu, kowanne an ƙirga shi wasa mai zaman kansa don adadin jikin kwali ya cika. Alhali waɗannan bugu-bugu tarihi ne mai daɗin ji. A na farko ba ka iya zaɓen manyan mugaye huɗu, kuma mutum biyu ba sa iya ɗaukar jarumi ɗaya, sai a Champion Edition aka buɗe. Daga nan wasu masu kutse suka lalata fanel ɗin suka fitar da wanda ake kira Rainbow, inda ake jifa da ƙwallon wuta daga sama, a cika fuskar talabijin da shi, a canza jarumi ana tsakiyar faɗa. Jabun ya karɓu har ya sa Capcom ta yi gaggawar fitar da Hyper Fighting mai sauri don ta ƙwato kasuwarta. Ka ga inda ɓarawo ya sa mai kaya ya sake ɗinki. Duk wannan ba ko kalma ɗaya a cikin akwatin. Ba wanda zai gaya wa yaron cewa Akira Nishitani da Akira Yasuda ne suka tsara wasan, ko cewa kiɗan da yake bi da baki yawancinsa wata mata ce ta tsara shi, Yoko Shimomura. Mu marubutan Hausa da muke kuka kullum ana kwafe littattafanmu ana yaɗawa a WhatsApp an guntule sunan mai shi, ya kamata mu fi kowa gane wannan ciwo in mun gan shi a jikin wani.

Sai maganar sulalla, wadda nake ganin ita ce zuciyar al'amarin. Wasan gidan gem a kan kuɗi aka rubuta shi, kamar yadda aka rubuta littattafan kasuwar Kano a kan littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Marubuci ya san inda zai yanke labari, daidai lokacin da amarya ta buɗe ƙofa, ya ce sai mun haɗu a na gaba. Mai tsara gem shi ma ya san inda zai kashe ka, sannan ya sa lambobi su fara sauka zuwa sifiri, kana lalube a aljihu. Kana iya kiran wannan wayo, kuma wayon ne. Amma daga cikinsa fasaha ta fito. Tun da kuɗinka ƙididdigagge ne, dole ka lura, ka haddace inda abokin gaba ke ɓullowa, ka tsaya bayan wanda ya fi ka kana kallon yatsunsa. Ɗauki Metal Slug na 1996: harsashi ɗaya ke kashe ka. Wanda ya kai ƙarshensa da sulai ɗaya ya yi karatun wata da watanni. A gida kuwa, inda maɓallin kuɗi yake kyauta, yaro zai mutu sau ɗari ya tashi sau ɗari, ya gama wasan kafin a sauke tukunya, bai koyi komai ba, bai ji tsoron komai ba. An cire wa labarin abin da ake gudu. Tatsuniya ce da rana tsaka, dodon yana nan amma ba mai jin gabansa ya faɗi. Abin da ke biyo baya kuwa na sha gani: yaro ya buɗe wasa talatin cikin awa guda, kowanne minti biyu, kamar mai karanta shafin farko na littafi talatin ya ce ya yi karatu.

Ga kuma 'yan kallo. Mu Hausawa ba sai an yi mana bayanin Street Fighter II ba, domin dambe ne. Turmi uku ake yi. Wanda ya yi kisa shi ke tsayawa a fage, wani ya fito ya nema. A gidan gem kana cikin wasanka da injin wani baƙo zai jefa kuɗinsa a ɗaya gefen, wasanka ya tsaya cak, dole ka fuskance shi, ba ka san shi ba, ba ka san hannunsa ba. A unguwa irin tamu, mai cike da mahauta waɗanda dambe gadonsu ne, wannan yare ne da kowa ke ji. Kuma a Birik baƙon nan yana iya zama Bahaushe, ko Bafulatani, ko Bamun, ko yaron Ewondo daga ƙetaren titi, ko ɗan Mali da ya sauka jiya. To a cire wa Shago fage, a cire masa Ɗan Anace da kalangu da ihun jama'a, a kulle shi a ɗaki da ƙaninsa, me ya rage? Wa yana dukan ƙani, ƙani yana kuka, uwa tana cewa a kashe abin nan.

Duk da haka akwai wata riba da gidan gem bai taɓa bayarwa ba, kuma zalunci ne in ƙi faɗinta. 'Yan mata. Wace yarinya ce a unguwar nan za ta shiga gidan gem ta fito da mutuncinta a bakin mutane? Sai da akwatin ya shigo falo sannan Chun-Li ta samu masu ɗaukarta don son ta, kuma wanda ya ga yadda ƙanwa ke lallasa yayanta da ita a gaban kowa ya san an buɗe wata ƙofa. Wannan kaɗai ya isa ya hana ni cewa a mayar da akwatin kanti.

Yanzu ga abin da akun yake faɗa. A fuskar zaɓen jarumi ta Street Fighter II akwai taswirar duniya, da ɗan jirgin sama da ke kai ka ƙasar abokin karawarka. Yana sauka Japan, Amurka, Sin, Indiya, Barazil, Tarayyar Sobiyat, Sifen da Tailan. Afirka tana nan shimfiɗe a taswirar, jirgin bai taɓa sauka a kanta ba. A 1993 aka ƙara Ingila, Jamaika, Meziko da Hon Kon, nan ma ba mu. Sai a 1997, cikin Street Fighter III, aka kawo Elena daga Kenya, ita ma salon faɗanta kafuwera ne, wanda aka fi sani da Barazil. Baƙin mutum na cikin wasan 1991 shi ne Balrog, ɗan damben Las Vegas mai kwaɗayin kuɗi, wanda a Japan sunansa M. Bison, aka sauya masa a waje don kamarsa da Mike Tyson ta yi yawa. In an yi adalci, kowa an yi masa zanen ba'a a wasan: Ba'indiye da ƙoƙunan kai a wuya da giwaye a bayansa, ɗan Barazil kore kamar dodo. Amma wanda aka yi wa ba'a ai an san da zamansa. Inda kuwa aka tuna da masu rawani, kamar matakin farko na Metal Slug 2 na 1998, garin Larabawa ne a hamada, masu rawanin suna rugowa da takubba, kai kuma aikinka ka share su. Yaron da ya dawo daga makarantar allo ya zauna gaban wannan, ba na cewa zai lalace, ina dai cewa ya kamata a samu babba kusa da zai tambaye shi wa yake harbi.

Abin sha'awa, amsar wannan taswira daga garin nan namu ta fito. Kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde yake, kuma ranar 14 ga Afrilu 2016 ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, bayan fama da ƙarancin jari da ɗaukewar wuta. Labarin kowane mai karatun Hausa zai gane shi: Enzo Kori-Odan, yariman birnin Zama, ranar naɗinsa kuma ranar aurensa, ɗan'uwan amaryarsa, Ngarba Evou, ya yi masa juyin mulki, sai shi da matarsa Erine suka shiga duniya neman ƙarfin da za su dawo da shi. Abin da ya fi burge ni Erine ce. A Final Fight na 1989 mace kaya ce da aka sace, maza suna bin sawu. A Aurion matar tana fagen fama tare da mijinta, tana warkar da shi, tana yi masa gardama. An yi aure a farkon labari, sannan aka bi zaman auren, abin da marubutan soyayyarmu da yawa ba sa iyawa, su da ke rufe littafi ranar ɗaurin aure.

Inda nake da ja shi ne Afirkar da ke cikinsa ƙirƙirarriya ce, an tsinto ado daga nan, suna daga can, har ta zama ta kowa kuma ba ta kowa ba. Motsin faɗan ya fi kama da zanen Japan fiye da kokawa ko damben da ake yi a ƙasar nan. Ƙarfin jarumin daga kakanni yake kiransa, abin da uba Musulmi zai so ya zauna ya tattauna da ɗansa a kai. Surutun yana da yawa, da Faransanci ko Ingilishi. Sannan wasan mutum ɗaya ne, kuma da ya fito ta Steam ya fito, sai mai kwamfuta da intanet da katin biyan kuɗi. Ma'ana, an yi shi a Yawunde, amma ya fi sauƙin isa hannun yaron Faris fiye da yaron Birik da ke iya zuwa ofishinsu a tasi. Ga Fadar Wasanni ta Warda nan a bakin unguwarmu tun 2009, ga tsofaffin kabad suna ruɓewa a bayan shaguna. Wasan dambe mai sanda biyu, mai turmi uku, da Kudu da Arewa da Guramada, da makaɗi a gefen fage yana zuga wanda ke kan gaba, har yau yana jiran mai yi.

Wanda ya riga ya sayi akwatin, akwai ɗan maɓalli a bayansa da ke buɗe shafin saiti. A yawancin samfura ana iya ɓoye wasanni daga jerin, ana iya mayar da shi sai da kuɗi. A ɓoye dubun, a bar goma da aka zaɓa da ido buɗe, a ba kowane yaro adadin shiga uku a yini ko da ƙwallayen dabino za a ƙirga, a fito da shi tsakar gida ranar da ba makaranta, a bar 'ya'yan maƙwabta su shigo su nema. Mai ɗan hali kuma da ke son ya ga wasannin yadda masu su suka zana su, ya nemi fanel na ainihi ko samfurin akwatin mai bakin JAMMA, wanda wasunsu ke fitar da hoto irin na da, ya kai wa mai gyaran rediyo. Abin da zai fi ba shi wahalar samu nan gaba talabijin ce. Sony ta daina ƙera Trinitron tun 2008, sauran kamfanoni suka bi baya, kuma kullum 'yan gwangwan suna farfasa waɗanda suka rage don jan ƙarfen da ke wuyansu. Mai tsohuwa a ƙarƙashin gado ya jawo ta ya leƙa bayanta, in ya ga dogon soket mai ramuka ashirin jeri biyu, ya goge mata ƙura ya gwada ko tana kamawa.